Rayuwar Malaman Makarantun Kasuwanci Bayan An Tashi Daga Aji

A manyan makarantun koyar da kasuwanci na Amurka, irin su Wharton da aka kafa a 1881 da ta Harvard da aka buɗe a 1908, rayuwar malami ta gida ba abin ɓoyewa ba ce. Taƙaitaccen tarihin farfesa yakan fara da digirorinsa da littattafansa, ya ƙare da cewa yana da iyali, yana gudun fanfalaki ko kaɗa jita. Ɗaliban digirin MBA, waɗanda galibinsu sun yi shekaru suna aiki kafin su dawo karatu, sukan ci abincin dare a gidan malaminsu, a wasu makarantun ma da sunansa na yanka suke kiransa.

Wannan ɗabi'a tana da nasaba da salon koyarwa. Tun shekarun 1920 Harvard ta rungumi koyarwa ta hanyar nazarin matsalar wani kamfani na gaske. Ɗalibai kusan 90 ne ke zama a kujerun da aka jera rabin da'ira, malami yana kai da kawo a tsakiya, ya jefa wa wannan tambaya, ya katse wancan, kuma kusan rabin makin ɗalibi daga bakinsa yake fitowa. Aji irin wannan ba ya tafiya da karanto takarda. Sai malami ya iya jan hankali, halinsa da labarin rayuwarsa kuwa suna cikin kayan aikin da yake yin haka da su.

Clayton Christensen na Harvard, wanda ya rasu a 2020, ya fi kowa nisa a wannan hanya. Duniya ta san shi da nazarin yadda ƙananan kamfanoni masu sabuwar dabara ke kayar da manya, amma ɗalibansa sun san shi da darasin ranar ƙarshe, inda yakan ajiye batun kamfani ya tambaye su yadda za su riƙe aurensu da 'ya'yansu, da yadda za su kauce wa kurkuku, domin akwai abokan karatunsa da suka ƙare a can. Mabiyin ɗarikar Momon ne, ya yi aikin wa'azi a Koriya yana saurayi. Yakan ba da labarin lokacin da yake buga ƙwallon kwando a Oxford, ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe, aka sa wasan ranar Lahadi, shi kuwa ya ƙi bugawa saboda alkawarin da ya ɗauka na kiyaye ranar. Daga wannan darasi ne littafinsa na 2012 kan yadda mutum zai auna rayuwarsa ya fito.

Wasu kuma abin sha'awarsu ne ya biyo su aji. James March na Stanford ya wallafa littattafan waƙoƙi, ya kuma koyar da shugabanci da ƙagaggun labarai irin su Don Quixote, don yana ganin adabi ya fi littattafan gudanarwa sanin halin shugaba. Peter Drucker ya yi shekaru yana tara zane-zanen Japan har ya koyar da su a kwaleji. Henry Mintzberg na jami'ar McGill a Kanada yana shiga tafki da kwalekwale yana tsinto guntayen itacen da wata dabbar ruwa ta gwaguya, ya adana su a matsayin sassaƙa.

Sai dai wannan buɗaɗɗiyar rayuwa zaɓaɓɓiya ce. Abin da zai ƙara wa malami kwarjini ake nunawa, mutuwar aure da bashi ba sa shiga tarihin. Sannan lokacin nishaɗi ba kowa ke da shi ba. Matashin malami yana da kimanin shekara shida zuwa bakwai ya wallafa bincike a ƙalilan ɗin mujallun da ake ji da su, in ya kasa a sallame shi. Wanda ya tsallake ya sami kujerar dindindin shi ne mai samun hutun bincike na shekara guda, mai ranar da jami'a ke ba shi kowane mako ya yi wa kamfanoni aikin shawara a biya shi, kuma a Amurka tun 1994 jami'a ba ta da ikon tilasta masa ritaya saboda shekarunsa.

A Jamus lamarin ya sha bamban. Farfesan jami'ar gwamnati galibi ma'aikacin gwamnati ne na dindindin, mai kujerar fanni guda da mataimakan bincike a ƙarƙashinsa. Bisa al'ada ba ya hawa kujerar sai ya yi wani babban bincike na biyu bayan digirin digirgir. Ɗalibi yakan gan shi a sa'ar ganawa da aka keɓe, ya kira shi da laƙabinsa da sunan iyalinsa. Martabarsa daga kujerar take, don haka ba ya bukatar ya sa kansa a kasuwa. Mutum zai iya gama digiri bai san ko malaminsa yana da aure ba. Inda rayuwar gida ta fito fili, sau da yawa tilas ce ta fito da ita: Eugen Schmalenbach na Kolon, jigon ilimin lissafin kamfani a ƙasar, ya bar kujerarsa a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, matarsa kuwa Bayahudiya ce.

Ingila tana tsaka-tsaki. Charles Handy, ɗan limamin coci daga Ayilan wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Landan, ya daɗe yana gabatar da gajeren tunani na safe a rediyon BBC, yana haɗa zancen aiki da na imani ba tare da ya baje gidansa a faifai ba.

A arewacin Nijeriya, a wurare irin su Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ko sashen kasuwanci na Jami'ar Ahmadu Bello, rayuwar malami ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. An san unguwarsa, masallacin da yake salla, garin da gonarsa take. Abin da ba zai yi ba shi ne ya kawo zancen matarsa a aji, balle ya ambaci ɗansa na fari, domin kunya ta hana. Ɗalibi sai dai ya ce Malam ko Farfesa, ya ɗan rusuna, ko da kuwa manajan banki ne da ya girme shi.

Lokacin da Ba'amurke ke kashewa a tsere ko kamun kifi, a nan zumunci ne ke cinye shi: ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, taron ƙungiyar ci gaban gari, neman wa ɗan ƙanwa gurbin karatu. Noma da kiwon kaji da yawa ke yi, sai dai da wuya a kira su nishaɗi tsantsa, tunda albashi ba ya kaiwa ƙarshen wata, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da kan tsayar da shi na watanni, kamar wanda aka yi wata takwas ana yi a 2022.

Ta fuskar ra'ayi ma akwai tazara. Malaman yamma masu sukar fanninsu, irin su Mintzberg da Sumantra Ghoshal na Landan, ƙorafinsu shi ne makarantun kasuwanci sun koya wa manajoji cewa ribar masu hannun jari ce kawai abin dubawa, sun raba kasuwanci da ɗa'a. Malamin Kano ko Zariya bai fara daga wannan rabuwa ba. Ɗalibansa sun taso da hukuncin riba da zakka da amana, saboda haka tambayar halal da haram takan taso a darasin kuɗi ko bai kawo ta ba, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi na Musulunci, inda ake koyar da waɗannan batutuwa har matakin babban digiri.