Fitilar da Ba a So a Gani

A cikin dukkan fitilun da ke gaban direba, babu wadda ake rainawa a garejinmu kamar 'yar ƙaramar nan mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da haruffan ABS. A wurin mai mota, ita ce ke zubar wa motarsa daraja ranar sayarwa. A wurin bakanike mai gaggawa kuwa, aikin minti goma ne: a kwance allo, a zare ƙwan, ko a liƙe shi da baƙin salatif. Ni dai, bayan shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motoci a Kano, na ɗauke ta ɗan aike, wanda korarsa ba ta soke saƙon da ya kawo.

A shekarar 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da irin ABS ɗin da ya zama ruwan dare a yau. Hikimarsa ba mai wuyar fahimta ba ce. Kowace taya tana da ƙaramar na'ura da ke ƙidaya juyawarta. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, wata taya ta nemi ƙamewa, sai kwamfutar motar ta riƙa sassauta mata birki tana sake damƙewa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, domin tayar da ta ƙame ba ta jin umarnin sitiyari. Tsarin hana santsi ma da waɗannan na'urori yake aiki: in taya ta fara juyawar banza a taɓo ko yashi, sai a rage wa inji ƙarfi ko a taɓa mata birki ita kaɗai. Shi ya sa na'ura guda kan mutu, fitilu biyu su kama.

Abin da na fara koya wa yaran garejina shi ne tambayar launi. Ja na nufin birkin hannu na sama ko man birki ya yi ƙasa, kuma motar da manta ke zuba ba ta fita ƙofata. Ruwan ɗorawa na nufin birki na nan, amma mai tsaronsa ya tafi. Motar za ta tsaya lafiya kullum, sai ranar da ruwan farko na damina ya jiƙa kwalta, akuya ta faɗo titi.

Daga nan sai mu bi abu daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. Mukan auna batir, domin raunin wuta kaɗai na iya kunna fitilar. Mukan duba tayoyi, saboda gwanjon taya mai girma dabam kan sa kwamfuta ta zaci wata na santsi. Mukan bi waya, mu ga ko ramukan hanya sun tsinka ta, ko laka da garin ƙarfe sun rufe bakin na'urar, ko boris ya saki. Sannan mu jona kwamfutar bincike a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, abin da ya sa galibin motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano suke da ita. Lambar da ta fito unguwa take nunawa, ba gida ba. Wanda ya karanta lamba ya ruga Ƙofar Ruwa sayen sabuwar na'ura, alhali waya ce ta guntule, ya yi wa mai mota asara da sunan ilimi.

Wata damina, wani dattijo mai jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya ya kawo mini motarsa.

"Malam, cire mini ƙwan nan kawai," in ji shi. "Birkina lafiya lau yake."

Na ce, "Baba, ba ni awa ɗaya. In ban gano komai ba, kada ka biya ni ko sisi."

Waya ce ta goge a jikin ƙarfe bayan tayar hagu ta gaba. Gyaranta bai kai kuɗin fasinja biyu ba. Amma da na buɗe tulun man birki, sai na tarar ya yi baƙi ƙirin. Man birki yana shan danshin iska. Nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. Da ya tafasa a doguwar hanya, ƙafa sai ta nutse har ƙasa, a ce birki ya shanye. Dattijon ya yi shiru yana kallon man da muka zubar, sannan ya ce, "Ɗana, mutum goma nake ɗauka kowace tafiya."

Ba kowa ke sauraro haka ba. Da yawa sun juya motarsu sun tafi inda za a yi musu abin da suke so, wasu ma suna cewa neman kuɗi nake yi. Akwai watan da na ji zafin hakan a tukunyar gidana. Sai dai mai motar da aka zare wa ƙwai ya san abin da aka yi; wanda zai saye ta bayansa bai sani ba, fasinjan da ke kujerar baya ma bai sani ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma ban ga dalilin da zai sa hannuna ya ƙara wa wani duhun ba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da sifana ba. In ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilar ABS ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, to wani ya riga ka zuwa wurin. Ka tambayi mai motar kafin ka biya kuɗi, kafin kuma ka zuba iyalinka a ciki.