Mai Lamba 15

Warin man zafi ne ke fara dawo mini da abin. In jikana ya buɗe kwalba da dare zai murza mini gwiwa, sai in tsinci kaina a filin Agilera na garin Biyarits, can kudu maso yammacin Faransa. Ana yayyafi, iskar teku na kawo gishiri, ga ƙarti cikin riguna ja da fari suna fitowa, duk sun shafe da wannan man. Tsakiyar shekarun 1980 ne, ina ɗalibi a Bordo, kuɗin bursu ba ya kai ni ƙarshen wata. Wani abokin karatuna ɗan yankin Bask ya ja ni a jirgin ƙasa wata Lahadi, wai sai na ga abin da ke hana garinsu barci.

Ranar na sha kallon ikon Allah. Ƙwallo kamar gwanda, in ta faɗi ita kanta ba ta san inda za ta nufa ba. Wai gaba ake so a je, amma da hannu sai baya ake miƙa ta. Can sai mutum takwas suka sunkuya suka haɗa kai da wasu takwas, kamar raguna a kasuwar jajibirin Layya. Ni da na tashi a Damagaram kan kokawa, na yi ta waige ina neman makaɗi. Da na gaji na ce wa mahaifin abokina, "Baba, wai wa ya ka da wa?" Tsohon ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce, "Ɗana, bar kallon tsakiya. Dubi na can baya, mai lamba 15."

Serge Blanco ke nan. A Karakas ta Benezuwela aka haife shi a 1958, uban ya rasu yana ƙarami, uwar ta dawo da shi garinsu Biyarits. Ba zan ɓoye ba, duhun fatarsa ne ya fara sa na ɗauke shi nawa. A zari-ruga mai lamba 15 shi ne mai gadin gida, kuma mai hankali in ya cafe ƙwallo kusa da layinsa yakan doka ta waje ya huta. Shi kuwa sai ya rungume ta ya ruga, yana ratsa mutane kamar barewa a saura. A lokacin doka ta hana biyan ɗan wasa albashi, shi ma ya yi aiki a masana'antar jiragen sama ta Dassault, kuma kowa ya san ba ya rabo da taba.

Ranar 13 ga Yuni 1987 ba ta fita raina. Gasar cin kofin duniya ta farko, Faransa da Ostireliya a Sidni, wanda ya ci sai wasan ƙarshe. Wurinmu safiya ce. Na yi asuba na sauka ɗakin talabijin da kofin kofi da guntun burodi. Lokaci ya kusa cika ana 24 da 24, ƙwallo ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta iso ga Blanco, ya faɗa da ita a kusurwar hagu, mutane na rataye a bayansa. Aka tashi 30 da 24. Ni kuwa na kifar da kofi a kan rigata ɗaya tilo ta fita kunya, ban ma lura ba sai da rana. Bayan mako guda Niw Zilan ta lallasa Faransa 29 da 9 a wasan ƙarshe, muka koma karatu.

Sau 93 ya buga wa Faransa, sau 38 ya dangwala ƙwallo bayan layi, a wasan manya bai taɓa sa rigar wani kulob ba sai ta Biyarits. Garkuwar zakaran Faransa dai ta gagare shi, don a 1992 Tulon ta doke su a wasan ƙarshe, ya rataye takalma. A 1995 aka halatta kuɗi a wasan, shi kuma ya hau kujerar shugaban kulob ɗinsu. A 1998 ya zama shugaba na farko na ƙungiyar kulob-kulob masu biyan albashi, ya shekara 10 yana cinikin kuɗin talabijin, yana ja-in-ja da hukumar ƙasa kan ranakun da za a ara mata 'yan wasa. Yana kan wannan kujera garkuwar ta zo Biyarits har sau uku, 2002, 2005 da 2006. Daga baya ya koma shugabancin kulob, kaya suka yi nauyi, suka faɗa rukuni na biyu a 2014. Ya nemi haɗe su da maƙwabtansu kuma abokan adawarsu na Bayon, abin bai yiwu ba, ya sauka a 2015.

A cikin waɗannan shekaru na taɓa ganinsa a talabijin ina Yamai, cikin kwat, ya yi tumbi, yana bayanin kasafi. Har na buɗe baki zan ce kaico, sai idona ya sauka kan nawa tumbin da tarin fayil ɗin da na kwaso daga ofis. Na yi shiru. Ai ciyawar filin ma sai wani ya biya mai yanke ta, mu dai da muna yara ba mu taɓa tambayar ko wane ne ba.

Da zan baro Faransa na sayo ƙwallon zari-ruga guda, na ba yaran unguwarmu ina ta alfahari. Kafin magariba suka dawo da ita cikin ladabi, suka ce, "Kawu, an cuce ka, wannan a karkace take." Tana nan kan kabad, iska ta fice. Jiya jikana ya tambaye ni yadda ake buga ta. Na ce ya gama da gwiwar tukuna.