IMESI-ILE, GARIN DA KATIN AWON JARIRAI YA SAMO ASALI

Wanda ya tashi daga Ilesha ya nufi arewa maso gabas, hanya za ta yi ta hawa da shi tana ratsa gonakin koko da goro da doya, har ta kai shi Imesi-Ile, wani gari na Ijesawa da ke zaune a tsakanin duwatsu cikin ƙaramar hukumar Obokun ta Jihar Oshun, dab da iyakar Ekiti. Gari ne na manoma, ba shi da wata babbar masana'anta ko kasuwar da ta yi suna. Amma duk uwar da ta taɓa goya ɗanta zuwa awo, a Daura take ko a Kalaba, ta ci moriyar wani aiki da aka fara a nan.

Masana tarihi sun fi sanin garin da Yaƙin Kiriji, wanda aka gwabza tsakanin Ibadan da haɗin gwiwar Ekiti da Ijesha. A dajin da ke kusa da garin ne mayaƙa suka ja dāga shekara da shekaru, a nan ne kuma aka ƙulla sulhu cikin 1886. Shekara 70 bayan haka sai aka buɗe wani yaƙin dabam, wanda abokan gābarsa su ne ƙyanda da tarin shiƙa da gudawa da ciwon haƙarƙari da zazzaɓin cizon sauro da tamowa.

Cikin 1956 wani likita Bature mutumin Ingila, David Morley, ya zo aiki asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha. Ya lura cewa yaran da ake kawowa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, masu yawa kuwa ba su ma isowa. Saboda haka shi da wata ma'aikaciyar jiyya, Margaret Woodland, suka zaɓi Imesi-Ile, suka riƙa bin 'ya'yan garin ɗaya bayan ɗaya tun daga haihuwa, suna auna nauyinsu kowane wata, suna rubuta ciwon da ya kama su.

Abin da suka gano shi ne, tun kafin ciwo ya kwantar da yaro nauyinsa yakan tsaya cik ko ya fara raguwa. Daga nan aka tsara katin nan mai layuka biyu masu hawa, watau hanyar lafiya. A kowane awo sai a ɗiga alama. In alamun suna hawa, yaro yana kan hanya, in sun miƙe ko sun gangaro, to, a tashi tsaye. Ba a kulle katin a ofis ba, uwa aka danƙa wa ta tafi da shi gida, domin ko ba ta yi boko ba tana iya ganin inda ɗanta ya dosa.

Haka kuma aka buɗe ɗakin shan magani na yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda ma'aikatan jiyya da unguwarzoma 'yan ƙasa ke gudanarwa, likita kuwa sai abin da ya gagara ake kai masa. Awo da rigakafi da magani da shawara kan abinci duk a zama ɗaya ake yinsu. A farkon shekarun 1960 yaran wannan yanki suna cikin na farko a Afirka da aka yi wa allurar ƙyanda. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama, kuma irinsa ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ƙarfafa sa'ad da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992.

A takarda Nijeriya ta cika alkawura. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara cikin 1991, ta kafa dokar haƙƙin yaro cikin 2003, wadda ta ce kowane yaro yana da haƙƙin samun kulawar lafiya. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara 5 ba, kuma jihohin arewa maso yamma ne abin ya fi tsananta.

Darasin Imesi-Ile a fili yake. Haƙƙin yaro ba ya tabbata sai akwai ɗakin shan magani da uwa za ta iya takawa da ƙafa, a buɗe, da ma'aikaci a ciki, da sikeli mai aiki, da allurar da ba ta lalace ba. Wannan nauyi yana wuyan ƙananan hukumomi da gwamnatocin jihohi. Na iyaye kuwa, maza da mata, shi ne su adana katin, su kai yaro awo ko yana cikin ƙoshin lafiya, su tambayi ma'aikaci ma'anar kowace alama. Garin manoma ya yi wannan aiki fiye da shekara 60 da suka wuce, ba da wasu manyan na'urori ba. Babu ƙaramar hukumar da za ta ce ya fi ƙarfinta a yau.