Daga Gusau zuwa Wanke: tazarar da borin jini ba ya jira

Na bar Gusau da hantsi, na kama hanyar Magami da Ɗansadau wadda ta bi ta Wanke. Ga mai lafiya tafiyar ba wata mai nisa ba ce, amma ni da minti nake auna ta, saboda akwai ciwon da ba ya jiran a samo mota: mummunan borin jini, wanda ke kumbura leɓe da harshe, ya shaƙe maƙogwaro, jini ya yi ƙasa har mutum ya sume. Manyan abubuwan da ke tayar da shi duk na gan su a hanya: gonakin gyaɗa, amya a kan itatuwa, da kemis inda ake tsira wa jama'a allura. A shekarar 2000 likita Richard Pumphrey ya bi diddigin waɗanda ciwon ya kashe a Birtaniya, ya gano cewa a tsakaice numfashi ko zuciya kan tsaya cikin minti 30 in abinci ne sanadi, minti 15 in harbin ƙwari irin su zuma ne, minti 5 kacal in magani ne, galibi allura. Duk ƙwarewar likitocin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura a Gusau, wanda aka yi wa allurar fenisilin a Wanke ta ƙi jininsa ba zai kai gare su a kan lokaci ba, balle da dare, da 'yan bindiga suka sa direbobi ke jin tsoron hanyar.

Shi ya sa nake ganin duk ɗakin da ake yin allura a karkara, wajibi ne adirenalin, maganin gaggawa na wannan ciwo, ya zauna a cikinsa, tare da wanda ya iya amfani da shi. Babba ana yi masa miligiram 0.5 a tsokar cinya ta waje, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a maimaita bayan minti 5 in bai farfaɗo ba, sannan a nufi Gusau. Wani zai ce ai akwai Piriton. Piriton ƙaiƙayi da ƙuraje yake kwantarwa, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Wani kuma zai ce adirenalin na da haɗari a hannun wanda ba likita ba. Haɗarin ya fi yawa ne idan an zuba shi a jijiya. A cinya kuwa, a Amurka da Turai iyaye da malaman makaranta ke yi wa yara da alƙalamin EpiPen. Wancan yana da tsada, amma 'yar kwalbar adirenalin da sirinji ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba.

Da na isa Wanke, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kemis. Doka ba ta ba masu shi izinin yin allura ba, amma inda asibiti ya yi nisa, wurinsu ake zuwa. Aƙalla su riƙa tambaya, "Wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburi?" Wanda Septrin ko fenisilin ya taɓa yi wa haka, a rubuta masa sunan a takarda ya riƙa yawo da ita, mai ɗakinsa ma ta san sunan. Wanda aka yi wa allura kuma ya zauna rabin awa kafin ya hau babur.