Hoton da Mushe bai ɗauka ba

A garin Tibiri, cikin Dallol Mauri, akwai wani dattijo da ya daɗe yana karantarwa a lakkwal kafin ya aje aiki. Har yau babba da yaro Mushe suke ce masa. Tun wajen shekarun 1980 aka san shi da wata ɗabi'a: da asuba ya rataya kamara a wuya ya nufi fadama, ko ya laɓe gindin gawo kamar maharbi. Da fari mutane sun ɗauka aikin gwamnati ne aka ba shi a ɓoye. Da suka gane tsuntsaye kawai yake bi, sai suka ce ai boko ne ya yi masa yawa, suka ƙyale shi.

A wancan zamani ɗaukar hoto ba wasan yara ba ne. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, idan ya cika sai an ba direba ya kai Yamai a wanke, a jira makonni kafin a ga abin da aka samu. Sau da yawa reshe kaɗai ke fitowa, mai reshen ya tashi. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, albashi kuma ga shi ba ya zuwa kan kari, sai Mushe ya koma lissafin kowane hoto kamar yadda uwargida ke lissafin tiyar hatsi a tsakiyar damina. Ba ya danna kamara sai ga tsuntsun da ya cancanta: gauraka mai tukkun zinariya idan ta sauka bakin tabki, burtu yana taƙama cikin saura, cilakowa, ɗinya, ko wani baƙon tsuntsu da ya ƙetaro hamada daga Turai lokacin ɗari.

Angulu fa? Haba! Wa zai ɓata fim a kan angulu? Ga ta nan birjik a mahauta, ga ta bisa rumfunan kasuwa, tana tafe tana ɗingishi tsakanin ƙafafun mahauta kamar kaza. Abin da ido ke gani kullum ba ya ganin darajarsa.

Ana nan, shekaru suka shuɗe. Wata rana jikanyarsa ta ji kakarta ta yi wa wata maƙwabciya habaici, ta ce angulu ba ta jewar banza. Yarinyar ta zo ta tsuguna gaban Mushe.

"Kaka, wai yaya angulu take?"

"Amarya, kina nufin ba ki taɓa ganin angulu ba?"

"Ko sau ɗaya. Nuna mini cikin hotunanka."

Ya jawo adakar da yake ajiya, ya zazzage. Hotuna ɗaruruwa, wasu sun koɗe, wasu gara ta ɗanɗana gefensu. Ya yi ta juyawa har aka kira la'asar. Babu angulu ko ɗaya, ko da a gefen hoton wani tsuntsu. Sai a ranar ya tsaya ya tambayi kansa rabonsa da ganinta a mahautar garin, ya kasa tuna shekarar. Ba rana guda ta yi ƙaura ba balle a yi mata rakiya. Raguwa ta yi ta yi, yau goma, baɗi uku, har aka wayi gari sai karnuka da hankaki.

Abin bai tsaya ga Tibiri ba. Wani masani ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina yana ƙirga tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin sawunsa a 2003 da 2004. Ya tarar manyan angulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandun da ake tsaro. Ita ma ƙaramar ta cikin gari, wadda kowa ya raina, a 2015 an sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gubar da ake barbaɗa wa mushe don kashe kura da dila, da kuma masu sayen kai da ƙafar angulu don haɗa magani, cinikin da ke ƙetara iyaka zuwa kasuwannin Najeriya. Ga shi kuwa aikin da take yi kyauta, na share gari daga mushe kafin ya ruɓe, ba a sami wanda ya gaje shi ba.

Tun daga ranar Mushe ya sauya hali. Yanzu wayar salula gare shi, wadda ɗansa ya aiko masa, hoto ba ya cin ko dala, kuma abin da ya fi yawa shi yake fara ɗauka. Kurciya, hazbiya, balbela bayan shanu, har jan baki mai cinye wa manoma gero bai bari ba. Shamuwa kuwa littafi guda ya ware mata. Kowace shekara yana rubuta ranar da ta fara sauka bisa tsamiyar unguwarsu gabanin ruwan farko, ya ƙirga sheƙa, ya rubuta ranar da ta tashi bayan damina za ta ƙetara zuwa Tanzaniya da ƙasashen kudancin Afirka. Ita dai ta yi sa'a, ana ganin ta da alheri, ba mai jifar ta. Amma Mushe ya daina yarda da yawa.

Malam-buɗe-littafi ma ya shiga lissafi. Akwai wani ja-ja mai baƙin gefe da ɗigon fari da ke yawo kan tumfafiya. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, ta kwashi dafinsa, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamar sa, shi kuma yake tashi a hankali, ba gaggawa, kamar mai gari. Wannan ya fi sauƙin ɗauka da sanyin safiya, kafin rana ta gasa masa fiffike. Jikanyar ce ke riƙe wayar a nan, don hannun tsoho ya fara rawa.

Ya bar saƙo wurin mahauta cewa duk ranar da suka ga angulu, ko yana barci a tashe shi. Sau biyu ke nan ana aiko yaro da gudu. Duka biyun ya saɓa babbar riga ya fita ko hula babu, ya isa yana haki, ya ɗaga kai ya tarar shirwa ce ke shawagi bisa kwata. Na biyun ma sai da mahautan suka yi ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komi, ya ɗaga waya ya ɗauki shirwar, ya koma gida ya rubuta kwanan wata.