Tsohon soro ya fi ɗakin tol sanyi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga labarin wani magidanci na unguwar Birni, cikin Damagaram. Ya gaji soron ƙasa daga kakansa. Bango ya tsage, rufi yana yoyo. Ɗansa ya komo daga cin rani da kuɗi, ya ce: "Baba, mu rushe shi, mu yi na siminti da tol."

Tsoho bai yi gardama ba. Da bazara, bayan azahar, ya ja ɗan zuwa ɗakin tol na maƙwabci. Fanka tana juyawa, amma gumi bai tsaya ba. Suka komo soro. Babu fanka, ga sanyi.

Mine ne dalili? Tol yana ɗaukar zafi nan take, ya zuba shi cikin ɗaki. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana sannu sannu. Kafin zafin ya ratsa, dare ya yi. Don haka mai soro ba ya kashe kuɗi da yawa wajen wutar lantarki.

Ɗan ya ce: "To, mu shafe bangon da siminti." Magini ya hana. Siminti yana kulle laima cikin ƙasa, bango ya ruɓe daga ciki.

Ga abin da suka yi. Sun canza azarar da gara ta ci. Sun gyara indararo. Sun yi yaɓe da makuba kafin damana. Sun buɗe ƙananan tagogi na sama da aka toshe, don iska mai zafi ta fita. Sun shafa farar ƙasa bisa rufi. Sun dasa dogon yaro yamma da gida, nesa kaɗan da bango. Zanen kaka na bakin zaure yana nan, ba a taɓa shi ba.

Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne. A 2013, UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Hasumiyar masallacinsa, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce. A Dandaji, jihar Tawa, an gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu a 2018.

Jama'a, mai tsohon soro ya nemi magini tun ruwa bai sauka ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.