Yadda Lamba Uku Ta Ja Wa Wani Yaro Bulala

A zangon karatun da ya wuce ne malamin gidanmu ya kira ni, ya ce tun da ina cikin ƙungiyar kwamfuta, in rubuta masa ɗan shiri wanda zai riƙa fid da jerin aikin tsabta na kowane mako. Na yi murna ƙwarai, har na kasa cin tuwon dare.

Ayyukanmu huɗu ne: shara, ɗiban ruwa, wankin bayi da yankan ciyawa. Ni kuwa da gaggawa sai na ba su lamba 1, 2, 3, 4. Wanda aka ba aiki biyu, sai in tara lambobinsa in ajiye lamba guda a gaban sunansa. A ganina na yi dabara.

Ran Asabar da aka zo duba tsabta, sai aka tarar bayi ya yi kaca-kaca. Firifet ya duba takardar da na buga, ya ga sunan wani yaro ɗan aji ɗaya, ya sa aka kira shi. Yaron yana kuka yana cewa, “Wallahi Siniya, shara da ruwa aka ce in yi, kuma na yi.” Ba wanda ya saurare shi. Aka yi masa bulala, aka sa shi ya wanke bayin shi kaɗai. Shi kuwa babban da aikin yake kansa, tun da ya ga sunan ƙaramin yaro tare da nasa ya sulale.

Da dare na kasa barci. Can sai abin ya faɗo mini: shara 1, ruwa 2, in an tara 3 ke nan, ga shi kuwa 3 ita ce lambar wankin bayi. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta karanta.

Ran Litinin na kai wa malamin kwamfuta ƙarar kaina. Bai yi faɗa ba. Ya nuna mini makunnan fitila da ke jikin bango, ya ce kowanne ko dai a kunne yake ko a kashe, kuma kunna ɗaya ba ya taɓa ɗan'uwansa. Haka bit yake a cikin kwamfuta, ko 0 ko 1. Ya ce in ba kowane aiki makunninsa, watau shara 1, ruwa 2, bayi 4, ciyawa 8, kowace lamba ninkin ta bayanta. Da ƙirgan kwamfuta ana rubuta su 0001, 0010, 0100, 1000. Masu sana'ar suna kiransu tutoci, don kowace ana iya ɗaga ta ko a sauke ta ita kaɗai. Yanzu in ka ga 3, babu tababa shara ce da ruwa. In ka ga 11, to, 8 da 2 da 1 ne. Na yi ta gwadawa daga 0 har 15, ban sami lambar da ta ba da ma'ana biyu ba.

Ya kuma gargaɗe ni in bar tarawa. In ka manta ka ba yaro ruwa sau biyu, 2 da 2 sun zama 4, ka sake jefa shi bayi. Sai dai a yi amfani da alamar |, wadda ba ta sake kunna abin da yake a kunne. In ana so a duba ko tuta tana ɗage, sai alamar &.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe dabarar tsohuwa ce. A tsarin Unix, wanda aka fara a Amurka a 1969, izinin karanta fayil 4 ne, na rubutu 2, na gudanarwa 1, shi ya sa 7 take nufin an ba mutum duka ukun. Harshen Python da muke koyo ma an sa masa Flag tun 2016, ni ne dai ban karanta ba.

Na je na gaya wa malamin gida da firifet gaskiya. Firifet ya yi dariya kawai, abin da har yau yake ba ni haushi. Yaron kuwa da na ba shi haƙuri, ya ce, “Ba kome, Yaya,” amma bai dube ni ba. Na ɗebo masa ruwa mako guda cur.

Makon jiya aka ƙaro mana aiki na biyar, ban ruwan fulawar gaban gida. Na ba shi lamba 16.